Sunan Maigida

Tun da aka ce Maigida zai shiga jardan, makarantar ƙananan yara ta Illela, Bushira ta rasa sukuni. Ta ɗinka masa riga, ta koya masa neman izinin fitsari. Abu ɗaya ya gagara: yaron bai san sunansa ba. Sunan kakansa marigayi ya ci, Idrissa, ga shi ɗan fari. Uwa ba ta faɗa, uba ba ya faɗa, balle kakarsa Inna Barira da sunan mijinta ne. Madam kuwa, malamar ajin, ta ce da sunan yanka za ta riƙa kira.

Ran nan Bushira ta ja yaron ɗaki, ta raɗa masa a kunne. Ta manta kunnen Inna ya fi idonta lafiya.

"La'ilaha! Sunan mijina a bakinki? Ɗiyar zamani!"

Adamou, mijin Bushira, na dawowa daga garka Inna ta tare shi a zaure.

"Ko ta tahi gidansu, ko ni in tahi!"

"Inna, ki yi haƙuri har a buɗe lakwal, yaro ya shiga aji," in ji shi. Da ya shiga ɗaki ya iske Bushira tana kuka, yaro na kallonta. "Ba inda za ki. Ni dai ki yi min shiru."

Ta yi masa shirun, don tana sonsa. Kullum ta durƙusa ta gaida Inna, kullum Inna ta amsa wa bango.

Ranar buɗe makaranta Inna ta ce ita za ta kai jikanta. Bushira ta bi su a baya da gorar ruwa. Madam ta tsaya a ƙofar aji.

"Idrissa Adamou!"

Yaro ya dubi uwarsa ya kame baki. Shi dai ya san sunan nan ne ya sa ta kuka.

"Idrissa Adamou! Bai zo ba? Akwai masu jiran wuri fa."

Inna ta zunguri Bushira. Bushira ta sunkuyar da kai, ta riƙe alkawarin shirun da ta yi wa mijinta. Madam ta buɗe baki za ta kira na gaba.

"Idrissa!" in ji Inna. "Kai aka kira, amsa mana!"

"Na'am!"

A hanyar gida tsohuwar ta yi ta share ido da bakin mayafi.

"Tun da anka kai ni ɗakinshi ban taɓa hwaɗi ba," ta ce. "Ashe ba ya ƙona baki."

Adamou na jiransu a zaure. "Inna, maganar tahiyar..."

"Wa za shi tahiya? Matsa min, ɗiyata ta sha rana."

Da Bushira ta mayar da magana ran nan, da yanzu tana gidan ubanta. Haƙuri ya riƙe mata aurenta, ya kuma sa wadda ta hana faɗin sunan ta faɗa da bakinta.