Katin Hoton da Ya Ɓace

Da Injiniya ta ɗage murfin bayan laftop ɗin, sai ta ga fanka ɗaya. Ya kamata su zama biyu. Inda babban katin hoto yake zama kuwa, fili ne fetal.

Ta yi zaune da sukundireba a hannu. Ita ce mai kula da kwamfutocin wannan ofishi na masu zanen gine-gine. Laftop ɗin tana da katin hoto biyu: ƙarami mai tattalin batir, da babba mai ɗaukar zane mai nauyi. Tun da ta yi afdet, ta sabunta kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, babban ya daina bayyana. Ta sake ɗora direbansa, manhajar da ke sa katin aiki, ta koma tsohon kanel, duk a banza. Oga ya wanke ta tas a gaban ma'aikata don zanen wani asibiti ya makara, ita ma ta yarda laifinta ne. Ashe sata aka yi.

Ta fara da Dogo, mai zanen da ke aiki da na'urar.

"Ka fita da ita gida?"

"Ina! Ke kika karɓe ta ranar Juma'a, kika ce ta kwana a sito."

"Ba ka ga wani canji ba?"

"Sai alheri. Maɓallin nan da ke maƙale mini ya warke. Na ce afdet ɗinki har ƙashi yake ɗorawa."

Afdet ba ya gyara maɓalli. Nan ta gane gaba ɗaya na'urar aka musanya: an ciro faifan ajiyar Dogo an sa a wata mai kama da ita. Wanda ya yi haka ba zai tona kansa da wasa ba, don haka ta cire Dogo.

Ta nufi maigadi, kuma a nan ta yi abin da ya tsaya mata a rai. Da zafi ta shiga, har ta sa dattijon ya zazzage jakarsa a bakin ƙofa, mutane na wucewa. Tabarma ce, da rediyo, da maganin hawan jini.

"'Yata," ya ce yana tattarawa, "ni ko kunna ta ban iya ba. Makullin sito ma ba ya hannuna."

Yana hannun mijin yayarta. Ita ta nema masa aikin kula da siton.

Ta same shi yana jera kwalayen takarda. Ta wuce kantar da aka ajiye tsofaffin laftop masu kati ɗaya, waɗanda jikinsu iri ɗaya ne da ta Dogo. Ƙura ta rufe kantar, ban da gurbi guda mai tsabta.

"Yaya, ina wadda take nan?"

"Wace? Ke dai ƙanwata, kin cika..."

"Tana kan teburina, da faifan Dogo a cikinta. Wanda ya yi wannan yana da makulli, yana da tagwayen na'urar, kuma ya san in katin ya ɓace bayan afdet ba wanda zai yi zancen sata. Mutum ɗaya na gaya wa haka, tun kafin in yi afdet ɗin. A gidanku, muna cin abinci, ina kukan aikina."

Ya zauna a kan kwali.

"Na ɗauka za ki ce afdet ne, a sayi wata, shi ke nan."

"Ka tsaya kana kallo ana zagina."

"Tana gida, ban sayar ba. Don Allah, kada yayarki ta ji."

Ta sa ya kawo ta kafin a tashi. Ta mayar da faifan, babban katin ya bayyana nan take, amma ko murmushi ba ta yi ba. Ta shiga wajen Oga ta faɗi komai, har da nata sakin bakin, aka sallami mutumin.

A bakin ƙofa ta durƙusa gaban maigadi ta ba shi haƙuri. Ya ce komai ya wuce. Ta miƙe, wayarta na ruri, sunan yayarta a kai. Ta share fuska ta ɗaga.

"Yaya, zauna tukuna. Ni ce na kai ƙararsa."