Tsingaro a Bakin Zanin Goggo

Da hantsi mai gari ya buga waya caji ofis, ya ce an sace randar kango, kuma sun kama ɓarauniyar. Sufeto ya ɗauki Sajan, suka kama hanya.

Ƙauyen ba shi da abin nunawa sai wannan kango, gidan wanda ya sari garin. A ciki akwai wata tsohuwar randa mai tsayin ƙirjin mutum. Saboda ita motocin baƙi ke ratsowa, in sun gama kallon tsohuwar gadar da ke garin gaba.

Sufeto ya tarar da motar baƙi a tsare, matasa sun tare ta da itace. A ƙofar kango an zaunar da wata tsohuwa a rana, ɗankwalinta a ƙasa. Abokan tafiyarta Goggo suke ce mata. Matan gari sun kwance mata zani a gaban maza, sun sami tsingaro guda a ƙulle a bakinsa. Shaidarsu ke nan gaba ɗaya.

Ɗan Jagora, wanda ke zagayawa da baƙi yana ba su tarihi, shi ya fara magana. Ya ce baƙin ne suka fasa randar suka raba, ga guntunta a hannun wannan tsohuwa.

"Goggo, ina kika samu wannan?" in ji Sufeto.

"Saye na yi, ɗan nan. A bakin gada, da safen nan, gaban duk waɗannan munafukan da suka yi shiru. Kakata a gidan nan aka haife ta, a randar nan ta sha ruwa. Na zo in gani da idona kafin in mutu, shi ne aka tsiraita ni. Ni da ƙyar nake ɗaga buta, wai ni na fasa randa."

Sufeto ya tambayi baƙin ɗaya bayan ɗaya. Malamai ne da ma'aikata, masu tabarau da jakunkuna. Kowa ya ce bai ga lokacin da ta saya ba. Direba ma ya ce shi yana can yana duba taya.

Sajan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya fito da 'yan ledoji cike da hannu, kowace da tsingaro a ciki. Ashe duk sun saya. Da suka ga abin da aka yi wa tsohuwa, sai kowa ya zurara nasa ta taga. Babu wanda ya iya ɗaga kai.

Daga nan Sufeto ya shiga ɗakin randar da mai gadin kangon. Gurbinta na nan a ƙasa, amma ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi saƙa daga gurbin zuwa bango.

"Yaushe rabonka da ganinta?"

"Yau da safe, ranka ya daɗe."

"Wannan gizo-gizon kuma da hantsin nan ya yi aikinsa? To ya fi ka himma."

Mai gadi ya yi ta murza hularsa. Daga baya ya ce gaskiya tun damina ɗakin a kulle yake. Ɗan Jagora ya karɓe makullin, ya ce rufi na yoyo, daga waje yake nuna wa baƙi ƙofar. Yau Goggo ta kafe sai an buɗe, har mai gari ya ji hayaniya ya sa aka ɓalle kwaɗon. Da aka ga wayam, Ɗan Jagora ne ya fara nuna ta da yatsa.

Sufeto ya sa aka ba Goggo kujera a inuwa. Ta ƙi. Ta ce inda aka ajiye ta, nan za a dawo a same ta.

A garin gaba, Sufeto ya tarar da mai tebur ɗin da ke sayar da tsingaron a bakin gada yana jera ledojinsa. Ya rantse a yashin kogi yake tsintarsu. Sufeto ya ɗauki guda, ya shafa bakinsa, kaifi ya kusa yanka masa yatsa.

"Abin da ya kwana cikin ruwa shekara da shekaru ba ya da kaifi haka."

Ya zazzage ledojin a kan tebur, ya yi ta gwada su da na Goggo, har wani ya zauna daram, zanen da ke jikinsu ya haɗu. Sajan ya zaro ankwa ya ajiye kusa da su. Mai tebur ya ce shi dai sayarwa yake, surukinsa ke kawowa a buhu duk ranar kasuwa. Surukin nasa kuwa Ɗan Jagora ne.

Da la'asar suka isa gidan Ɗan Jagora, rabin gari na biye da su. Matarsa ta ce ba ta san komai ba, amma idonta na kan akurki. Sajan ya ɗaga akurkin. Ga gindin randar a kife a rami, ga guduma, ga buhu rabi da tsingaro.

Ɗan Jagora ya zauna a ƙasa.

"Kowane baƙo sai ya tambayi abin da zai tafi da shi gida," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Garin gaba suna da gada, suna da kasuwa. Mu ba mu da komai. Bakinta kawai na ɗan ɓantara wa wani. Sai ta tsage har ƙasa. Na ce tunda ta riga ta mutu..."

"Ita tsohuwar me ta yi maka?"

"Tana tsaye kusa da ni, ranka ya daɗe. Na gan ta tana ƙulle tsingaro a zani. In ban nuna ta ba, ni za a nuna."

Sajan ya sa masa ankwa. Aka bi da shi ta ƙofar kango, don nan motar 'yan sanda take. Goggo na zaune inda aka bar ta. Matan da suka kwance mata zani sun laɓe bayan mazajensu.

Mai gari ya matso, ya sunkuya daidai kunnenta, ya ce ta yi haƙuri, ta zo gida a yi magana a sirri, a ba ta abin shan ruwa.

"A sirri?" in ji Goggo. "Da kuka ce mini ɓarauniya, har na gona sun ji. Ba na son ruwanku. Miƙe tsaye ka faɗa yadda kuka faɗi waccan."

Mai gari ya dubi Sufeto yana neman ceto. Sufeto ya buɗe ƙofar mota, ya tura Ɗan Jagora ciki, ya jingina da ita yana jira.

Mai gari ya miƙe. Ya fuskanci taron. Ya ɗaga murya, har kango ya amsa.

"Jama'a, wannan baiwar Allah ba ɓarauniya ba ce. Ɓarawon namu ne."

Goggo ta nuna ɗankwalinta da ke ƙasa, ta ce wadda ta tuɓe shi ta zo ta ɗauka. Wata mata ta fito daga cikin taron, kanta a sunkuye, ta kakkaɓe shi, ta miƙa da hannu biyu. Sai da Goggo ta gama ɗaurinta a tsanake, sannan Sufeto ya ce wa Sajan ya ta da mota.