Ina Jin Ka, Ci Gaba

Ga ta nan, ga ta nanku, a kife wayoyi.
Ta zo mu ji ta, mun kife.

Wata mata ce mai zanen gidaje a kamfani. Awa biyu take yi a motar haya kafin ta iso gida, sai ta mayar da kujerar baya ofis: kwamfuta a cinya, abin sauraro a kunne. Ana mitin ta waya, hankalinta rabi a zane, rabi a hanya, bakinta kuwa ya saba da magana ɗaya: "Ina jin ka, ci gaba."

Wata magariba ta shigo gida, ko jaka ba ta sauke ba, tsakuwa ta faɗo kan rufi. Shiru. Sai wata. Washegari layukan zanenta suka ƙi tsayuwa, ana ta ƙus-ƙus a kunnenta alhali babu komai a ciki. Kwana na uku 'yarta Auta ta ƙi abinci, ta takure bayan ƙofa tana magana da muryar tsoho.

Aka kira malam. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya ce, "Kai wane ne? Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ita ba ce, uwarta ce," in ji muryar. "A mota na yi mata sallama, ta ce tana ji na, in ci gaba. Shekara ɗari uku ba a ce mini haka ba. Kwana arba'in ina ba ta labarina. Magana ɗaya take ta maimaita mini!"

"Wallahi da manaja nake," in ji uwar.

"Shi ma ba ki ji shi ba. Ina wurin."

Malam ya ce, "To me zai fitar da kai?"

"Ta saurare ni har ƙarshe, ba komai a hannunta."

Uwar ta zauna a ƙasa. Waya na ruri cikin jaka, yatsunta na ƙaiƙayi, ta danne su da cinya. Tsohon aljanin ya yi ta bayanin rijiyar da yake zaune a ciki, wadda aka cike aka shimfiɗa titi a kanta. Da ya kai ƙarshe ta ce, "To yanzu ina kake kwana?"

Aljanin ya ce, "Yau kam kin ji."

Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta ce, "Mama, rannan fa ina ba ki labarin makaranta..."

"Ina jin..." Uwar ta haɗiye sauran, ta ture jakar da ƙafa. "Faro daga farko, Auta."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Wayar ta gaji da ruri ta yi shiru.