Sunan da Kubura Ba Ta Faɗa

"Ki faɗa! Ki kira sunana sau ɗaya tak, a gaban mutanen nan, sai ki shiga mu tafi Dutse!"

Sharhabilu ne ke wannan ihun, yana jingine da adaidaita sahunsa a bakin kangon gidan ubansa. Kubura, uwar da ta haife shi, tana durƙushe kan ƙullin kayanta, kanta a ƙasa.

Ni da nake ba ku labarin nan yayanta ne. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na ga fari uku da ambaliya huɗu, na binne sa'o'ina kaf, kuma babu abin da ya faru a ƙauyenmu na ƙasar Miga da ya wuce ni. Ku saurara.

Kubura ta haihu tara a gidan Malam Nata'ala. Biyar ta wanke su da hannunta aka kai su makwanci. Mata uku aure ya watsa su nesa. Namiji ɗaya ya rage, shi ne na farin. Ɗan fari kuwa a wurinmu uwa ba ta kallonsa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa. Ga shi sunan surukinta aka sa masa, kunya ta zama biyu. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta goya shi ta tafi ɗakinta. Ya tashi yana ce wa Kubura Adda, kamar yayarsa, ita kuma tana ce masa "wancan".

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Malam ya rasu, ruwan bana ya kwantar da ɗakinta, ba ta da inda za ta sa haƙarƙari sai wurin wancan ɗin.

Safina, matarsa, 'yar Dutse, ta riƙo hannun rigarsa idonta jawur.

"Haba masoyina... Inna ce fa! Dubi ƙafarta, duk ruwa ya cinye."

"Sake ni, Safina."

"Ni zan ba ta gadona, wallahi in kwana a ƙasa. Don soyayyar da kake mini, abin ƙaunata..."

"Kin san ranar da na sauke Alƙur'ani ina ta tafi? Daji, itace! Ranar da aka ɗaura mana aure fa? Kin gan ta?"

"Al'ada ce..."

"Al'ada ta ɗauke ta ta kai ta Dutse!"

Kubura na jin komai. Ta tuna lokacin da ƙyanda ta kama shi, kwana bakwai tana tsaye bayan dangar kakarsa tana sauraren numfashinsa, ana tsammanin kaza take nema. Ta tuna furar da take damawa da nonon da ya fi kauri, ta ba kakar ta ce kar a faɗa masa daga ina. Ranar saukar tasa kuwa, can bayan tsamiya ta ɓuya, tana jin ƙira'arsa tana cusa bakin zane a baki don kar kukanta ya fito.

Duk wannan yana cikinta. Amma ga dattawa a tsaye, ga Mailafiya ƙanwar mijinta ta kafe ta da ido.

Kubura ta buɗe baki.

"Ku... ku ce wa wancan ya yi haƙuri."

Sharhabilu ya yi wata dariya mai ɗaci.

"Kun ji ko? Wancan! Ko akuyarta tana da suna, ni ne wancan!"

Na daka masa tsawa, irin wadda a da take tsayar da bijimi. Ko gezau. Ya juya ga matarsa.

"Shiga."

"Ba zan bar ta a nan ba."

"To zauna. Amma in na tayar da injin nan ba kya ciki, takardarki za ta same ki."

Safina ta dafe cikinta na wata biyar. Ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwar. Sai ta zube gaban Kubura ta kama ƙafafunta.

"Inna, ki yafe mini... Inna, ki faɗa mana! Kalma ɗaya ce!"

Kubura ta shafa kanta a hankali.

"Tashi ki bi mijinki, 'yar nan."

Injin ya tashi. Suka hau hanyar da ruwa ya farfasa, Safina na leƙowa tana kuka.

Sai da suka kai wajen rijiya wani abu ya tsinke a ƙirjin Kubura. Ta miƙe, ɗankwali ya faɗi, ta kwasa da gudu cikin taɓo ba takalmi.

"Sharhabilu! Sharhabilu! Ɗana!"

Mata suka toshe baki. Dattawa suka sunkuyar da kai. Kubura ta hango hannun Safina na dukan bayan mijinta. Adaidaitar ta rage gudu... ta rage... har Kubura ta fara murmushi tana haki.

Sai ya ƙara wuta.

Mailafiya ta iso kanta tana tafa hannu.

"Sunan ubanmu kika kwarara a titi, kai ba ɗankwali? Kunyar shekara talatin kin zubar a taɓo, kuma ko waiwaye bai yi ba!"

Ni na ɗaga ta, da ƙarfin nan nawa da har gobe samari ke mamaki, na kai ta gidana. Tana nan. Ba ta gane ni, ba ta gane 'ya'yanta mata. Wanda duk ya yi sallama a ƙofa, babba ko yaro, sai ta ɗago da sauri ta gyara zama, ta ce:

"Sharhabilu, ka ci abinci kuwa?"