Riƙon Marainiyar Manhaja

Injin gwaji ya haɗiye ƙunshin manhajar da Barira ta haɗa, ya yi ƙugi na minti uku, sannan ya kunna jar fitila. Karo na tara ke nan.

A Gusau ta shekarar 2094 komai da Rumbu yake aiki: motoci marasa direba, fitilun titi, famfunan ruwa. Rumbu tsarin kwamfuta ne na kowa da kowa, ba shi da mamallaki. Sai dai manhaja ba ta shiga cikinsa sai an ƙunshe ta, an rubuta duk abin da take buƙata, wani kuma ya ɗauki riƙonta. Manhajar da ke raba ruwa a Tudun Wada ta zama marainiya tun rasuwar mai riƙonta, Injiniya Sallau. Ranar Asabar sabon Rumbu zai fito. In manhajar ba ta cikinsa, famfunan unguwar za su tsaya.

Barira mai gyaran bututu ce, shekarunta hamsin. Ba ta taɓa ƙunshe komai ba. Kwamfutar marigayin kawai ta karɓo daga iyalinsa, ta zauna koyo.

"A gidana lafiya lau take aiki," ta ce wa Hajiya Kande, mai duba ƙunshin sababbin shiga.

"To sai mu kwashe Gusau mu tare a gidanki." Hajiya Kande ta gyara tabarau. "Injin nan ɗaki ne fayau, ko tsintsiya babu. Abin da ba ki rubuta ba, babu shi. Me ke cikin kwamfutarki da ba ki ambata ba?"

Yini guda Barira tana tono. Can ƙasa ta samo wani ɗan fayil da manhajar ke leƙawa kowace safiya. Sallau ne ya rubuta shi: gidan mai jego, a ƙara ruwan safe; layin marina, ranar Talata; masallaci, Juma'a tun hantsi. Shekara ashirin yana zaga unguwa da ƙafa yana sabunta shi, ba wanda ya sani.

Ta saka fayil ɗin cikin ƙunshi. Fitila ta yi kore. Tudun Wada za ta sha ruwa.

Ta rubuta sunanta a layin mai riƙo, ta tsaya tana kallonsa.

"Saura layi ɗaya," in ji Hajiya Kande. "Magaji. Wanda zai karɓa, ya san duk abin da kika sani, ranar da ba kya nan."

"Haba Hajiya! Yau fa na fara."

"Shi ma Sallau haka ya ce mini."