Muryar Bara'atu a Rediyon Fijo

Wata ranar Laraba ce cikin marka, bayan la'asar, Tajuddeen ya tsayar da tsohuwar Fijonsa a gaban rumfar Malam Labbo mai gyaran rediyo, kusa da tashar Gusau. Motar ta mahaifinsa ce, ya gada, da ita yake jigilar fasinja tsakanin Gusau da Tsafe. Rediyon da ke cikinta shi ne wanda ta zo da shi daga kamfani, mai cin kaset.

"Mi kaka so in yi mashi?" Malam Labbo ya tambaya, yana leƙe ta saman tabarau. "Wannan rediyo ai ya girme ka."

"So nake in jona wayata a ciki, Baba. Abin da ke cikin waya ya riƙa fitowa ta sifikun mota."

"Waƙoƙin zamani ke nan. Ku dai yaran nan."

"Ba waƙa ba ce."

Tsohon ya dube shi da kyau, ya jawo kayan aikinsa.

Abin da ke cikin wayar saƙon murya ne guda ɗaya, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Matarsa Bara'atu ta aiko masa shi kwana biyu kafin naƙuda ta kama ta, ta tafi da ita da abin da ke cikinta. Wata bakwai ke nan. Ta bar masa ɗiya ɗaya, Nusaiba, 'yar shekara uku, tana hannun Innarsa a Nahuce, kan hanyar Bunguɗu. Sifikar wayar ta fashe, muryar tana fitowa kamar daga cikin gwangwani. Shi kuwa so yake ya ji ta cike, kamar tana zaune a kujerar gefensa.

Malam Labbo ya zaro rediyon, ya kwance murfinsa, ya bi hanyar da sautin kaset ke bi har ya sami mahaɗar. Ya ɗiga dalma wuri uku, hayaƙinta mai ɗaci ya tashi. Ya zuro baƙar igiya siririya ta ƙasan rediyon, mai kai irin wanda ake sokawa a waya. Sannan ya laluba kwali ya ɗauko wani kaset ya tura ciki.

"Wannan babu komi cikinai," in ji shi. "Rediyon ba ya buɗe baki sai ya ji kaset na juyawa, to mun ruɗe shi ke nan. Amma in ba waya a jone, ka fidda kaset ɗin. Igiya in tana sake, kwasar duk abin da ke yawo cikin iska take yi, sai ka ji ƙugi."

"To, Baba."

"Kuma ka kwana Gusau. Wa ke bin hanyar Bunguɗu yanzu?"

"Na yi wa yarinya alkawari."

Ya bar gari rana ta yi ja. Hanya fayau, don a 'yan shekarun nan da an yi la'asar kowa ke neman gida. Gero ya yi tsayi dama da hagu, ya fi mutum. Ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya, gabas kuma ta haɗa hadari baƙi ƙirin.

Ya soka igiyar a waya. Ya danna.

"Baban Nusaiba, in za ka dawo ka biya ka sayo mana daddawa, ta ƙare. Da gishiri. Kuma kada ka yi dare, ka ga garin nan... Ke! Sauka daga kan turmin nan!" Sai dariyarta. Sai ƙarar murfin tukunya. "To, sai ka dawo."

Muryar ta cika motar har kujerar baya. Har numfashin da take ja kafin ta yi dariya ya ji, wanda wayar ba ta taɓa fito masa da shi ba. Ya share ido da bayan hannu, ya sake dannawa. Ya sake. Ya san magariba ta kawo kai, ya san abin da manya ke faɗa game da wannan lokaci a daji, amma bai iya tsayawa ba.

A karo na shida ko na bakwai, wayar ta yi ƙara sau biyu, fuskarta ta yi duhu. Caji ya ƙare.

Kaset bai daina juyawa ba. Sifiku suka ɗauki ƙugi, mmmm, kamar zuma a cikin kogon itace. Ya kai hannu zai fidda kaset ɗin.

"To, sai ka dawo."

Hannunsa ya tsaya.

Ya dubi wayar. A mace take. Ya zare igiyar daga jikinta, kan igiyar ya faɗa kan kujera yana lilo.

"Ka yi dare," muryar ta ce, a hankali. "Na ce kada ka yi dare."

Babu wannan a cikin saƙon. Ya haddace shi kamar Fatiha, ya sani.

Kwaɗin bakin hanya suka yi tsit gaba ɗaya. Motar ta cika da ƙamshin humra, irin wadda take haɗawa da kanta a kwalbar magani. A ƙarƙashin humrar akwai wani wari, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tono daga nesa.

"Bara'atu?" ya faɗa da raɗa.

"Ina jin sanyi."

Shi kansa bai san lokacin da ƙafarsa ta saki totur ba. Motar ta riƙa rage gudu, har ta tsaya daidai wani kwalbati, inda ruwa ya ci gefen titi. Injin yana kakkarwa. Yayyafi ya fara buga rufi, ɗaya-ɗaya.

Ya san matattu ba sa dawowa. Shi ya sa ta a kabari da hannunsa, shi ya jera itacen. Amma wata bakwai yana jin kalmomi iri ɗaya, yau ga sababbi. Ko mene ne ke magana, yana so ya ƙara jin ko da kalma ɗaya.

"Ina kike?"

"Ga ni a waje. Ruwa na dukana."

Geron da ke gefen dama ya motsa. Babu iska. Karare suna rabewa biyu, a jere, daga can ciki zuwa bakin titi.

"Buɗe mini."

Ƙofar gefen ta daɗe da lalacewa, ta ciki kawai take buɗuwa. Ya miƙa jiki ta kan kujerar da babu kowa. Yatsunsa suka kama mariƙin, sanyi ƙalau.

A jikin gilashi, ta waje, tururin numfashi ya bayyana. Ya ɓace. Ya sake bayyana. Can sama, kusa da rufi, inda kan Bara'atu ba zai taɓa kaiwa ba.

Duk da haka ya fara ja.

"Yi sauri mana, Tajuddeen."

Ya daina ja.

Shekara biyar suna tare, bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Tarbiyyar 'Yandoto ce da ita, mace ba ta kiran sunan miji. Kafin haihuwa Yaya take ce masa. Ko a asibiti, ranar ƙarshe, da ma'aikaciya ta tambaye ta sunan maigida, jini na zuba, ido na rufewa, sai ta juya ta dube shi don ya faɗa da kansa.

Ya saki mariƙin.

"Tajuddeen."

"A'uzu bi kalimatillahit tammati..." Ya fara jan addu'a.

"Tajuddeen. Tajuddeen."

Yanzu babu numfashi tsakanin kiran.

Ya murɗa makunnin rediyo. Bai mutu ba. Ya danna maɓallin kaset da dunƙulen hannu, kaset ya yi tsalle ya fito, zarensa na biye da shi kamar hanji. Sifiku suka yi shiru.

Sai kiran ya dawo ta waje, dab da gilashi.

Mariƙin ƙofar na waje ya ɗaga. Ya sauka. Ya ɗaga.

Ya sa giya, ya taka. Taya ta yi ta juyawa a laka, wani abu ya ja farce a jikin motar tun daga ƙofa har but ɗin baya. Sannan motar ta fizga ta hau kwalta.

Bai dubi madubi ba. Amma ya ji ta a baya, tana kuka da muryar matarsa, kukan da ya sani, har ya yi nisa. Shi ma kukan yake yi, yana karanta Ayatul Kursiyyu yana sarƙewa, yana ba da haƙuri bai san wa yake ba wa ba.

Ya shiga Nahuce ana kiran isha'i. Inna ta gan shi a zaure, ta ga fuskarsa, ta tofa addu'a a ruwa ta ba shi. "Ka amsa?" ta tambaya. Ya gyaɗa kai. "Ka buɗe?" Ya girgiza. Ta ce, "To Allah Ya rufa asiri." Kwana tara ya yi yana zazzaɓi.

Da ya tashi, ya sa almakashi ya datse igiyar daga gindinta. Saƙon yana nan a waya, lafiya lau, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ya kunna shi sau ɗaya, da rana tsaka, a cikin mutane. Tana cewa "sai ka dawo" ya sami kansa yana jiran abin da zai biyo baya. Bai sake kunnawa ba. Ya naɗe wayar a ƙyalle ya ba Inna ta ajiye wa Nusaiba.

Da kaka, yarinyar tana zaune a cinyarsa yana ɓare mata gyaɗa, ta ɗago kai ta ce, "Baba, yaya Mama take magana?"

Ya rufe ido ya nemo muryar. Ta zo masa sarai, ba ta ɓace ba. Sunansa take kira.

"A hankali take magana," ya ce, ya zuba mata gyaɗar a tafin hannu.