Ruwan Zafi a Gindin Tsamiya

Masu binciken ƙwaƙwalwa daga jami'a sun kwana uku a Dogon Daji, suna auna masu farfaɗiya da wata hula mai wayoyi. A gidan Mutawakkil, ma'aikacin asibiti, suka sauka. Ran tafiya shugabarsu, Dokta Rauda, ta wanke kayan aikinta da tafasasshen ruwa, ta roƙe shi ya zubar. Magariba ta kawo jiki. Mutumin nan haifaffen garin ne, ya san abin da kowace tsohuwa ke hanawa. Amma ya sheƙa ruwan a gindin tsamiyar bayan gida, ko bisimilla babu, don kada 'yan boko su ɗauke shi baƙauye.

Washegari, daidai wannan lokaci, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Aka leƙa, ba kowa. Na biyu ya fasa randa. Kaji suka yi tsit. Sai 'yarsa Safiyyatu, da ke tankaɗe, ta ajiye rariya a hankali, ta fashe da kuka irin na jariri, fatar hannunta tana saluɓewa.

Kwana shida ba ta ci, ba ta gane uwarta. Ran na bakwai aka ɗauko Malam Namadi, mai ruƙiyya, daga Sanyinna. Ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ɗiyata anka ƙona mini. Tana can kwance."

"Wagga yarinya ba ta yi miki komi ba," in ji malam. "Ji tsoron Allah ki fita."

"Ɗiya a bakin ɗiya! Sai in kun ba ni wanda yaz zuba ruwan. Shi nika so."

Malam ya juya. "Mutawakkil, wa yaz zuba?"

Da ma a ce ya yi jinkiri, ko na numfashi ɗaya. Bai yi ba.

"Baƙuwa ce. Dokta Rauda, ta jami'a."

Matar da ta durƙusa har ƙasa ta gai da mahaifiyarsa, ita ya miƙa. Abin kunya ne, kuma ya san abin kunya ne.

"Ka rantse?" in ji muryar.

Ya rantse.

"To, na san hanyar birni."

Safiyyatu ta yi atishawa uku, ta zube. Iska ta girgiza tsamiya, ta wuce. Uwar ta fara hamdala tana kuka. Da yarinyar ta farfaɗo, Mutawakkil ya kawo mata ruwa a kofi. Ta dube shi, ta kau da kai.

"Baba, ina ciki ina ji. Kuma rannan ina bakin katanga, na gan ka."